Ɗana zai karɓi fasfon Ingila, mijin ƙanwata kuma ɗan Nijar ne: me doka ta ce?

Wani Alhaji mai harkar goro a Agege ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice. A Agege aka haife shi. Mahaifiyarsa 'yar Jibiya ce, mahaifinsa kuwa daga Maraɗi ya zo Ikko fatauci, ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa. Babban ɗansa yana aikin jinya a Ingila, lokacin neman zama ɗan ƙasar ya yi, amma abokan hira a ƙofar masallaci sun ce wa Alhaji ranar da yaron ya yi rantsuwa a can, ya fita daga Najeriya ke nan. Sai kuma mijin ƙanwarsa, mutumin Damagaram, wanda ya haura shekara 20 yana sayar da albasa a Mile 12. Yana son zama ɗan Najeriya, amma yana tsoron a ce sai ya yar da Nijar. A ƙarshe Alhaji ya nemi ra'ayina: anya ya dace a bar mutum ya riƙe ƙasa biyu?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Ɗanka ba zai rasa zamansa ɗan Najeriya ba don ya karɓi fasfon Ingila. Ka gaya masa ya je ya yi rantsuwarsa da kwanciyar hankali.

Hujjar tana cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999, babi na uku, daga sashe na 25 zuwa na 32. Kundin ya kasa 'yan ƙasa gida uku: wanda ya samu ta haihuwa, wanda ya samu ta rajista, da baƙon da ya nema aka ba shi bayan ya daɗe a ƙasar. Sashe na 28, wanda shi ne ke maganar ƙasa biyu, ya ce wanda zai rasa zamansa ɗan Najeriya idan ya karɓi wata ƙasa shi ne wanda ba ta haihuwa ya samu ba. Ɗan ƙasa ta haihuwa bai shiga wannan hukunci ba ko kaɗan. Hanya ɗaya ce zai fita, ita ce ta sashe na 29: shi da kansa ya rubuta cewa ya sauke zamansa ɗan Najeriya, shugaban ƙasa ya sa a yi rajistar wannan furuci. Rantsuwar da aka yi a zauren wata ƙaramar hukuma a Ingila ba ta tsaya a madadin wannan ba. Ingila kuma a nata ɓangaren ba ta tilasta wa kowa ya saki ƙasarsa ta asali.

Abokan hirarka ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Kundin 1979 ya fi wannan tsauri nesa ba kusa ba, a ƙarƙashinsa karɓar wata ƙasa yana iya raba mutum da Najeriya. Dattawa da yawa abin da suka sani ke nan, ba wanda ya zo ya ce musu an sauya.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan kalma ɗaya, wato haihuwa, kuma a nan nake son ka tsaya da kyau, don a nan ne mutanenmu na Legas suka fi tuntuɓe. Najeriya ba ta bin tsarin Amurka, inda haihuwa a cikin ƙasar kaɗai ta isa. Jini take bi. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960 ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan Najeriya ne. Wanda aka haifa kafin ranar kuwa, ana duba ko ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ya fito daga al'ummar da asalinta na Najeriya ne. Ka lura, ɗaya aka ce, kuma ba a ce uba ba. Saboda haka kai, Alhaji, ba haihuwar Agege ce ta ba ka Najeriya ba, Hajiya mahaifiyarka ce ta ba ka. Kai kuma ka ba ɗanka. Jikokin da za a haifa maka a Ingila su ma 'yan Najeriya ne ta haihuwa, domin sashen ya haɗa da wanda aka haifa a waje muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Maƙwabcinka kuwa da aka haifa a Idi-Araba, uwa da uba da kakanni duka daga Tawa, ko bai taɓa taka Nijar ba, a idon doka baƙo ne. Wannan magana tana da ɗaci, amma gara ya ji ta daga bakin lauya da ya ji ta a gaban tebur a ofishin fasfo.

Kowane ɗan Arewa ya kamata ya san shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman. Shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauke shi suka tsallakar da shi Chadi, bisa cewa mahaifinsa ɗan can ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, kuma ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Mutumin da jama'a suka zaɓa ke nan, mai lauyoyi da jam'iyya a bayansa. Ka auna mai gadi ko ɗan acaɓa da ba shi da kowa.

Yanzu ga mijin ƙanwarka. Labarinsa rabi daɗi rabi takaici.

Daɗin shi ne ba sai ya yar da Nijar ba. Mutane da yawa, har da wasu da ke zaune a ofisoshi, suna ɗauka duk baƙon da ya nemi Najeriya sai ya saki ƙasarsa. Sashe na 28 bai ce haka ba. Abin da ya hana shi ne baƙon ya riƙe ƙasar da ba ta haihuwarsa ba. Mutumin Damagaram da aka haifa ɗan Nijar yana iya riƙe Nijar ya ƙara da Najeriya. In daga baya ya je ya karɓi ta uku, a ce Kanada, to nan take ta Najeriya ta faɗi. Ita ma Nijar, tun gyaran dokarta na 2014, ta yarda ɗanta ya riƙe wata ƙasa.

Takaicin shi ne hanyar. Auren ƙanwarka bai buɗe masa ƙofa ba. Sashe na 26 ya ba macen da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista, bai ba namijin da ya auri 'yar Najeriya ba. Da kai ne ka auro 'yar Damagaram, da hanyarta gajeriya ce. Shi kuwa sai ya bi sashe na 27, kamar wanda ba shi da kowa a ƙasar: zaman shekara 15 a jere, ko jimillar shekara 15 cikin 20 da suka wuce tare da wata 12 na ƙarshe ba yankewa, shaidar halin kirki, niyyar zama dindindin, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, sannan a ga yana da amfanin da zai kawo wa ƙasa. Ana shigar da takardu ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, hukumomin tsaro su yi bincike, shugaban ƙasa ne ke amincewa. Inda 'yan'uwanmu ke kakarewa shi ne shekara 15 ɗin nan sai an nuna ta a takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza na kwana 90 ne kawai, bayan nan ana sa ran ya yanki katin zama a Hukumar Shige da Fice. Mutum nawa ka sani a Mile 12 ko Alaba Rago da suka yi haka? Mutum ya shekara 25 yana biyan kuɗin rumfa, ya aurar da 'ya'ya a unguwa, amma ba shi da abin da zai ɗora a tebur. Ga shi kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirgar mutanensu har sai an sanar da wani abu dabam, amma alfarma ce wannan, kuma alfarma ana iya janye ta.

Ko ya samu ma, matsayinsa ba zai kai na matarsa ba. Ba zai iya takarar shugaban ƙasa ko gwamna ba, domin sashe na 131 da na 177 sun keɓe su ga ɗan ƙasa ta haihuwa. Sashe na 30 kuma ya ba shugaban ƙasa ikon ƙwace takardar idan aka ɗaure shi shekara 3 ko fiye cikin shekara 7 na farko. 'Ya'yan ƙanwarka dai ba ruwansu da duk wannan. 'Yan Najeriya ne ta haihuwa ta wajen uwarsu, kamar yadda kai ka samu.

Sai ra'ayina, tunda ka tambaya. Ina goyon bayan a bar mutum ya riƙe ƙasa biyu, amma ba zan raina hujjar masu adawa ba, don akwai ta da nauyi.

Suna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Idan ƙasashen biyu suka saɓa, ina mutum zai tsaya? Suna kuma cewa wanda ke da ƙofar baya ba ya gyaran gida da zuciya ɗaya: mai mulkin da iyalinsa da asibitinsa da makarantar 'ya'yansa ke waje, in ya ɓata ƙasa jirgi kawai zai hau, talaka ya zauna da ɓarnar. Wannan ta biyun tana ci mini rai ni ma. Ba kuma Najeriya kaɗai ke wannan tunani ba. Sin ba ta yarda da ƙasa biyu ba. Indiya ma haka, sai dai ta ƙirƙiro wa 'ya'yanta na waje wani kati da ke ba su damar shiga da zama ba tare da ƙuri'a ba. Kamaru, maƙwabciyarmu, har yau dokarta ba ta amince ba. Saudiyya ba ta barin ɗanta ya karɓi wata ƙasa sai da izini, abin da ya shafi zuriyar Hausawa da yawa da suka daɗe a Makka da Jidda. Ghana ta amince, amma ta rufe wa masu ƙasa biyu wasu manyan muƙamai, har Kotun Ƙolinta ta soke zaɓen ɗan majalisa James Gyakye Quayson a 2023 saboda batun takardarsa ta Kanada a lokacin da ya shiga takara.

To amma duba wanda hanin zai faɗa wa. Ba ɓarawon gwamnati ba ne, shi da kuɗinsa zai sayi izinin zama a duk inda ya so, ko da fasfo ɗaya. Irin ɗanka zai faɗa wa. Ma'aikacin jinya da ke tura kuɗin makarantar ƙannensa da na maganin uwarsa. Bankin Duniya ya ƙiyasta abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida da kusan dala biliyan 20 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma wannan kuɗi kai-tsaye yake shiga tukunyar gidaje. In ka tilasta wa irin wannan yaro ya zaɓa, aikinsa da makomar 'ya'yansa za su sa ya zaɓi can, kai kuma ka mai da shi baƙon da ke neman biza ya zo jana'izar ubansa.

Akwai wani abin da masu cewa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" ba su lura da shi ba. Fasfo na biyu ne ke sakin mutum ya dawo. Wanda ke da izinin zama na dindindin a Ingila, in ya yi shekara 2 a jere a waje, izinin ya faɗi. Don haka yana ɗaure, ba ya iya zuwa ya daɗe. Ranar da ya zama ɗan ƙasar, igiyar ta tsinke: yana iya zuwa Legas ko Katsina ya buɗe asibiti, ya yi shekara 5, ba ya fargabar an rufe masa ƙofa. Cikin waɗanda suka zo wurina neman shawarar kafa kamfani bayan sun dawo, mafi yawansu sai da suka sami wannan kwanciyar hankali suka iya tattaro kayansu. Jamus ma, wadda ta daɗe tana ƙi, ta sauya dokarta a Yunin 2024 ta amince.

Mu Hausawa kuma muna da hujjar da ba ta shafi Turai ba sam. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora su ne suka kafa Maraɗi, har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Mahaifinka da ya auro 'yar Jibiya ba baƙuwa ya aura ba, tafiyar da ke tsakanin garuruwansu ba ta kai ta Agege zuwa Ibadan ba. Mutumin da ke da ƙasa biyu a irin wannan gida ba kwaɗayi ya yi ba, haka ya tashi ya samu kansa. Dubi mutanen tsohon Lardin Sardauna: kafin ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankinsu Kamarun Ingila ne. Da wannan aka so a kafa hujja a 2019 cewa Atiku Abubakar, haifaffen Jada a 1946, ba ɗan ƙasa ta haihuwa ba ne, maganar ba ta yi tasiri a kotu ba. A 2023 kuma aka taso da batun fasfon Gini a kan Bola Tinubu, nan ma kotu ba ta karɓa ba. Duk lokacin zaɓe sai an zaro wannan wuƙa, kuma kowane ɓangare ya taɓa riƙe ta.

Game da muƙami, inda na tsaya shi ne a raba ɗan ƙasa da mai riƙe da amanar ƙasa. Kundin yana da sassa, irin su na 66 da na 137 da na 182, da ke hana takara ga wanda ya karɓi wata ƙasa da son ransa, amma duk an ɗaure su da sashe na 28, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fassara cewa hanin bai hau kan ɗan ƙasa ta haihuwa ba. Ni da za a bi tawa, shugaban ƙasa da gwamna da shugabannin hukumomin tsaro su ajiye fasfo na biyu kafin su yi rantsuwar kama aiki, a rubuta shi ɓaro-ɓaro yadda ba sai an je kotu ba. Sauran jama'a, likita da ɗan kasuwa da direba, a ƙyale su. Sannan a gyara sashe na 26. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirin da zai ba mijin 'yar Najeriya damar rajista, tare da na bai wa mazauna waje damar zaɓe, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Na san tsoron da ake ji, kada aure ya zama hanyar sayen fasfo. Maganinsa a sa sharaɗin shekarun aure da bincike, a kan namiji da mace baki ɗaya. Ƙanwarka ba ta fi ka ƙarancin zama 'yar ƙasa ba, bai dace abin da za ka iya ba matarka ita ta kasa ba mijinta ba.

Ka gaya wa ɗanka abu biyu. Duk lokacin da yake Najeriya, ɗan Najeriya ne zalla a wurin hukuma. Ƙa'ida ce tsohuwa tsakanin ƙasashe, tana cikin yarjejeniyar Heg ta 1930, cewa ƙasa ba ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne. Kada ya ɗauka jan fasfo ko shuɗi zai fitar da shi daga hannun 'yan sanda a Ikeja. Na biyu, kada ya bar koren fasfonsa ya mutu ya manta da shi, kuma ya yi wa 'ya'yansa nasu tun suna ƙanana. Wanda ya zo da fasfon waje kaɗai, biza za a nema a hannunsa kamar kowane baƙo.

Kai kuma, Alhaji, kai na fi jin tsoro a kanka, fiye da ɗanka. Doka ta ce uwa ta isa, amma aikin ofis uba yake bi. Mai neman fasfo ana tambayarsa takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, kuma al'adar da aka saba ita ce asali na wajen uba. Bahaushen Agege, ko da kakansa ne ya zo, da wuya a ba shi ta Agege, sai a ce ya koma garin ubansa. Hausawa kuwa suna cikin Legas tun kafin a haɗa Najeriya, tun 1863 Glover, Baturen mulkin Legas, ya kafa rundunarsa da su. To wanda garin ubansa ke bayan iyaka fa? Na taɓa raka wani saurayi irinka, uwa Bakatsiniya uba ɗan Nijar, wani ofishi a nan Legas. Jami'in ya ji sunan garin uban sai ya ture takardun ya ce ba a nan ba. Sai da na buɗe masa sashe na 25 ya karanta da idonsa, aka kira na sama da shi, sannan aka karɓa. Yaron ya yi wata uku yana zarya kafin ya zo wurina, kuma saura kaɗan ya bi shawarar wani ɗan kamasho da ya ce a rubuta masa wani gari na ƙarya a matsayin garin ubansa. Da ya yi, da ya mai da haƙƙinsa na halal laifin da za a iya kama shi da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Kada kuma ka dogara da lambar NIN. Ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ita ma, ba ta tabbatar da cewa mutum ɗan ƙasa ne. Abin da za ka yi shi ne ka je Jibiya tun dattawan da suka san Hajiya suna raye. Ka samo takarda daga mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma da ke nuna ita 'yar can ce, da sunan mahaifinta da gidansu. Ka haɗa da takardar haihuwarka ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da duk wata tsohuwar takarda mai sunanta, ko ta aikin hajji ce. Ka yi kwafi uku, ɗaya wurinka, ɗaya wurin ƙanwarka don 'ya'yanta, ɗaya ka aika Ingila. Mun ga abin da ya faru a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawan zango da aka haifa a can suna ciki, mun kuma ga korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983 a nan Legas. A duka biyun wanda ba shi da takarda aka fara ɗorawa a mota.

Mijin ƙanwarka kuwa ya fara da katin zama a ofishin shige da fice, yau ba gobe ba, ya kuma tattara rasit ɗin haya da na rumfa da na haraji da takardar aure da takardun haihuwar yara, duk abin da ke ɗauke da sunansa da kwanan wata. In akwai filin da yake shirin saye kafin takardarsa ta fito, ya dakata ya ga lauya tukuna, domin dokar Jihar Legas ta ce baƙo ba ya mallakar fili sai da amincewar gwamna a rubuce.